Tankar da Ba Ta Jin Ƙishirwa

Ranar wata Asabar na iske ɗan yayata, yaro ɗan shekara goma sha bakwai, ya haɗa kai da kwamfutar da ubansa ya sayo masa don karatu, ko sallamata bai amsa ba. Na leƙa allon, sai ga taswirar Turai, ga kibau suna ratsa ta daga gabas zuwa yamma. Ya ce, "Kawu, ba ni minti biyar, Faransa nake ci." Kafin shayin da uwarsa ta ɗora ya tafasa ya shiga Paris. Ya juyo yana murmushi ya ce, "Wallahi Kawu Jamusawan nan ƙwaƙwalwa gare su. Da Hitila ya bar janar-janar ɗinsa sun yi aikinsu, da yau duniya tasu ce."

Wannan magana ba tasa ba ce, kuma bai san mai ita ba. Maganar Heinz Guderian ce da Erich von Manstein, janar-janar ɗin da suka sha kaye a yaƙi suka koma suka ci riba a littafi. Guderian ya fitar da tarihin rayuwarsa a 1951, Manstein ya fitar da nasa a 1955, bayan kotun sojan Ingila ta same shi da laifukan yaƙi a Hambug a 1949. Saƙonsu guda ne: mu gwanaye ne, hannunmu tsarkakakke ne, mahaukacin shugabanmu da sanyin Rasha suka kayar da mu. Sojan Amurka da kansa ya ɗauki Franz Halder, tsohon shugaban hafsoshin sojan ƙasa na Jamus, ya ɗora shi kan ayarin tsofaffin hafsoshin da ke rubuta masa tarihin yaƙin gabas. Daga waɗannan takardu labarin ya shiga wasannin yaƙi na kwali irin su PanzerBlitz na 1970, daga kwali ya shiga kwamfuta, ya zama Panzer General a 1994, da Panzer Corps a 2011, da Hearts of Iron IV a 2016. Daga can ya sauko ɗakin yayata ya fito ta bakin ɗanta.

Ba ni da rigima da wasa. Mu ma mun yi dara, mun yi langa, an karya mana ƙafa ba mu daina ba. Rigimata da wasan da ya sa rigar tarihi, ya jera ranaku da sunayen garuruwa da kaurin sulken kowace tanka har milimita, alhali babban abin da yake koyarwa ƙarya ne. Yana koya wa yaro cewa saurin da Jamus ta yi a 1940 a cikin injin tanka yake, duk wanda ya tara tankoki masu kyau ya jera su wuri guda ya danna, to ya ci yaƙi. Bari mu auna wannan da abin da ya faru.

Ranar 10 ga Mayu 1940 da Jamus ta faɗa wa yamma, tankokinta wajen 2,500 ne, na Faransa da abokanta sun haura 3,000. Fiye da rabin na Jamus ƙanana ne, Panzer I da Panzer II, ta farkon ma bindigogi masu jigida kawai gare ta. Tankar Faransa mai suna Char B1 ta fi su sulke nesa ba kusa ba. A ƙauyen Stonne ranar 16 ga Mayu, tanka guda irin wannan ƙarƙashin Kyaftin Pierre Billotte ta farfasa tankokin Jamus 13, ta sha harbi ba adadi, ta koma gida da ƙafarta. Cikin rundunonin Jamus sama da 130, goma ne kacal na tankoki. Mafi yawan sauran a ƙasa suke tafiya, dawaki ke ja musu igwa da abinci, kamar kakanninsu a 1914. In da lissafin ƙarfe ne ke yanke hukunci, kamar yadda wasan ke yi, da Faransa ba ta faɗi cikin sati shida ba.

To me ya kayar da ita? Ku dubi Sedan. Jamusawa sun cusa motoci sama da 41,000 cikin ƴan ƙananan hanyoyin dajin Arden, cunkoson ya kai tsawon kilomita 250, ya tsallake kogin Rayin ya koma cikin Jamus. Kwana biyu zuwa uku suna jere kamar motocin da suka maƙale a bakin iyaka ranar kasuwa. Da Faransa ta gaskata rahotannin matuƙan jiragenta ta aika musu wuta, da wani labarin muke yi yau. Ranar 13 ga Mayu sojan ƙasa da injiniyoyi ne suka tsallake kogin Meuse cikin kwale-kwalen roba, bayan jirage sun wuni suna ruwan bama-bamai. Tanka ko ɗaya ba ta tsallake ba sai washegari. Amma da maraicen ranar, a tsaunin Bulson, jita-jita ta tashi cewa tankokin Jamus sun riga sun zagayo ta baya. Ƴan igwar runduna ta 55 ta Faransa suka bar igwoyinsu suka cika wa rigunansu iska, hafsoshi tare da su. Tankar da ta fasa garkuwar Faransa a wannan dare ba ta da inji ba ta da sulke, a cikin kan mutane take.

A can sama kuma, babban kwamandan Faransa Janar Gamelin yana zaune a fadar Vincennes ba shi da na'urar oba-oba a hedikwatarsa, masu babur ke kai masa saƙo su kai nasa. Umarninsa kan kwana kafin ya isa, ya iske garin da ya ce a tsare an wuce shi tun jiya. Runduna mafi kyau da ya kamata ya riƙe don ko-ta-kwana, ya riga ya tura ta Breda a ƙasar Holan, nesa da inda wuƙa ta shiga. A Flavion ranar 15 ga Mayu an rutsa manyan tankokin Faransa suna jiran mai, motocin mansu suna can baya a cikin cunkoson ƴan gudun hijira, su kuwa Jamusawa da jarka suke ɗura nasu, jarkar nan mai lita 20 da kowa ya sani a tasha, wadda har sunanta daga laƙabin da Ingilishi suka yi wa Jamusawa ya fito. Yaƙi ɗan zamba ne, in ji magabata. Saurin 1940 shi ne tazarar da ke tsakanin lokacin da abu ya faru da lokacin da abokin gaba ya san ya faru. Jamusawa sun matse wannan tazara a ɓangarensu da oba-oba a cikin tankoki da hafsoshi masu tafiya a sahun gaba, Faransawa kuwa tasu ta yi ta faɗi har ta haɗiye su.

Yanzu ku koma ɗakin yayata. Yaron nan yana ganin kowace runduna tasa inda take, da adadin mutanenta da manta, a daidai wannan daƙiƙa. In ya danna, ta tafi. Babu saƙon da ya ɓace, babu mai babur da ya faɗa rami, babu kanar ɗin da ya ce bai ji ba. In abu ya rikice, sai ya tsayar da agogo ya sha ruwa ya yi tunani. In ya sha kaye, ya koma inda ya adana wasan ya sake. Masu yin wasannin za su ce sun sa abin da suke kira hazon yaƙi. Gaskiya ne sun sa, amma hazon nasu abokin gaba kawai yake rufewa. Hazon gaske har naka yake rufe maka. Rundunar Rommel ta 7 an yi mata laƙabi da rundunar fatalwa saboda ko manyansa a Jamus ba su san inda take ba. Ranar 17 ga Mayu Guderian ya yi cacar baki da maigidansa Kleist a kan umarnin tsayawa har ya ajiye muƙaminsa, aka lallashe shi ya dawo, ya fake da sunan leƙen asiri ya ci gaba da gudu har tankokinsa suka isa teku kusa da Abbeville ranar 20. Wato rabin nasarar ta fito ne daga ƙin bin umarni. Wane wasa ne rundunarka za ta ƙi jin maganarka ta ciyo maka yaƙi?

Tsoron kuma bai tsaya ɓangare guda ba. Ranar 21 ga Mayu Ingilishi suka kai farmaki a Arras da tankoki 74 kawai. Rommel ya aika rahoto sama cewa ɗaruruwan tankoki ne suka auka masa. Wannan firgici yana cikin abin da ya haifi umarnin tsayawa na ranar 24, wanda ya ba sojoji wajen 338,000 damar tserewa ta Dunkirk. Ɗan wasa na yau ba zai taɓa ba da wannan umarni ba, don ya san abin da Hitila da Rundstedt ba su sani ba: ya san babu komai a gefensa. Haka in ya ɗauki Faransa, abu na farko da zai yi shi ne ya toshe Arden, don ya karanta ƙarshen labarin. Shi ya sa masu haɗa wasannin ke yin wata ƴar dabara da ba sa faɗa da ƙarfi. Tun da ba za su iya makantar da ɗan wasa ba, sai su raunana Faransa a lissafi, su ɗaura mata duwatsu a ƙafa, su ƙara wa Jamus maki, don tarihi ya fito yadda aka san shi. Abin da ya faru saboda kasada da kuskure da sa'a, sai ya koma kamar hukuncin ƙarfe. Yaro ya tashi da darasin cewa Jamus ta fi ƙarfi ne kawai. Masanin tarihin sojan Jamus Karl-Heinz Frieser ya rubuta littafi guda a 1995 don rushe wannan tatsuniya, ya nuna cewa manyan hafsoshin Jamus dogon yaƙi suka shirya wa, nasarar ta ba su mamaki kamar yadda ta ba kowa. Kalmar Blitzkrieg ɗin ma, wato yaƙin walƙiya, jaridu ne suka yayata ta, ba sunan wani tsari ba ne a littattafan sojansu. Hitila da kansa a Nuwamba 1941 ya ce kalmar wauta ce.

Wanda ya fara faɗawa tarkon wannan tatsuniya ba ɗan yayata ba ne, Jamus ce da kanta. Ta gaskata labarin da aka ba da a kanta, ta shiga Tarayyar Sobiyet ranar 22 ga Yuni 1941 da mutum sama da miliyan 3, da tankoki sama da 3,000, da dawaki sama da 600,000, tana lissafin gamawa kafin sanyi. Faɗin layin dogon Rasha ya bambanta da na Jamus, sai an bi shi ana gyarawa. Hanyoyin da taswira ta nuna da jan layi ƙura ce da rani, taɓo da kaka. Sauri ya haifi nawa. A Arewacin Afirka ma haka: duk litar man da Rommel ya ƙona a El Alamein sai da ta tsallake teku, mafi yawanta kuma kamiyo ne ya yi ta jigilarta ɗaruruwan kilomita daga tashoshin ruwa, kamiyon yana shan wani kaso na abin da ya ɗauko. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Dirku ya san wannan lissafi ba sai an koya masa ba. A Panzer General kuwa akwai ma'aunin mai, na yarda, amma in ya ƙare sai ka danna maɓalli guda tankarka ta huta zagaye ɗaya ta cika. Tanka ce da ba ta san ƙishirwa ba. Hearts of Iron IV ya yi shekara biyar a kasuwa kafin a sa masa layin dogo da cibiyoyin guzuri a 2021.

Mu a nan bai kamata a sayar mana da wannan ƙarya ba, don mun ga gaskiyar a maƙwabta. Ranar 2 ga Janairu 1987 a Fada, arewacin Cadi, dakarun Hassan Jamus suka auka wa sansanin Libiya da motocin Toyota a-kori-kura ɗauke da makamai masu linzami na MILAN da Faransa ta ba su. Libiya ke da tankokin T-55 da motoci masu sulke, ta kuwa yi asarar gomman tankoki a wuni guda. A Maris Wadi Dum ya faɗi, aka kama Halifa Haftar a wannan yaƙi. A Satumba suka shiga cikin Libiya kanta suka ƙone sansanin Ma'atan as-Sarra. Ku sa waɗannan lambobi a cikin kowane wasa irin wanda nake magana a kai, sulke kaza da sulke sifili, Libiya ce za ta ci. A ƙasa kuwa wanda ya san kowane kwari da kowace rijiya, wanda ƙananan kwamandojinsa ke yanke shawara ba tare da jiran Njamena ba, wanda jiragen Faransa suka tsare masa sama, shi ya ci wanda ya tona rami ya zauna yana jiran umarni daga Tarabulus. Abin da ya faru a Sedan ne ya sake faruwa, sai dai wannan karo mai tankar shi ne makahon.

Akwai kuma abin da taswirar wasan ta share, wanda ya fi duk waɗannan yi mini ciwo. A kan hanyar da kibiyar ɗan yayata ta bi zuwa Paris akwai gari mai suna Airaines. Ranar 7 ga Yuni 1940 aka kama Kyaftin Charles N'Tchoréré, ɗan Gabon, bayan shi da mutanensa sun riƙe garin har harsashinsu ya ƙare. Aka ce ya fita daga sahun hafsoshi fararen fata, ya ƙi, aka harbe shi nan take. Masana tarihi da dama sun ɗora kisan a kan sojojin rundunar Rommel ta 7, wadda yara ke sa hoton kwamandanta a wayoyinsu. Ranar 20 ga Yuni a Chasselay kusa da Liyon, aka ware baƙaƙen sojoji daga farare, aka kora su cikin fili, tankoki suka buɗe musu wuta suka bi ta kan waɗanda suka faɗi. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta cewa baƙaƙen sojojin da aka kashe haka a 1940 sun kai tsakanin 1,500 da 3,000. Tirayar ɗin nan sunan Senegal kawai suke ɗauke da shi, daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka aka ɗebo su, har da Nijar. A gabas kuma fursunonin yaƙin Sobiyet sama da miliyan 3 suka mutu a hannun sojan Jamus, mafi yawa da yunwa, kuma yunwar tana cikin shirin: tun kafin a tashi aka tsara cewa rundunar za ta ci daga abincin mutanen ƙasar. Saurin da ake yabo da wannan guzuri aka yi shi. Hearts of Iron IV ba ya nuna kisan kiyashin Yahudawa ko kaɗan. Panzer General kuwa in ka iya sosai har Washinton zai kai ka ka ci, ya yi maka jinjina.

Na san amsoshin da za a ba ni. Za a ce wasa ne kawai. To in wasa ne kawai, me ya kawo ranakun gaske da sunayen janar-janar na gaske? Wanda ya ci kasuwa da sunan tarihi ba zai gudu ba in tarihi ya zo karɓar bashinsa. Yaran nan sukan yi awa ɗari uku a kan wasa guda, darasin yaƙin duniya a lakwal kuwa bai wuce awa biyu ba. Wanne ne malaminsu? Za a ce kana so a sa maɓallin kashe fursuna? A'a, ban nemi a mai da kisa abin wasa ba. Na nemi in kibiya ta wuce ta Airaines a faɗa wa yaro abin da aka yi a Airaines, ko da layi uku ne.

Za a kuma ce wasan da ya makantar da ɗan wasa ba zai yi daɗi ba, ba wanda zai saya. Wannan ita ce amsar da ta fi rauni, don an riga an yi. Wasan yaƙin farko da sojan Purushiya ya karɓa daga hannun Reisswitz a 1824 da alƙali ake yin sa. Ɓangarorin biyu ba sa ganin juna, kowa ya rubuta umarni ya miƙa, alƙali ya lissafa lokacin da mahayi zai ɗauka kafin ya isar, sannan ya faɗa wa kowa abin da mutanensa suka iya gani kawai. Shekara ɗari biyu da suka wuce an fi mu gaskiya da takarda da ɗan lido. A zamaninmu ma akwai masu ƙoƙari. Unity of Command na 2011 ya gina wasan gaba ɗaya a kan layin guzuri, in aka yanke maka shi rundunarka ta bushe tana tsaye. Command Ops yana jinkirta umarninka gwargwadon matakan da zai bi kafin ya isa ƙasa. Decisive Campaigns: Barbarossa na 2015 ya sa ka jayayya da manyanka a kan jiragen ƙasa da mai da tayoyi, har ya buɗe ƙofar tambayar laifukan yaƙi. Duk wanda ya buga su ya san zuciya ta fi bugawa a lokacin da ka aika runduna ta ɓace maka, kana jiran labari. Manyan kamfanoni sun san wannan. Sun zaɓi sayar wa yaro jin cewa shi gwani ne da ba ya kuskure, don shi ya fi kawo kuɗi.

Abin da ya sa ban ɗauki maganar da sauƙi ba shi ne, yaran da ke buga waɗannan wasanni yau su ne za su yi gardamar yaƙi da zaman lafiya gobe, a fada da rediyo da majalisa, wasunsu ma da kaki a jiki. Yankinmu ba ya rasa masu cewa a sayo ƙarfe kaza a gama da matsala cikin wata uku. Duk wanda ya taso yana ganin ƙasa na faɗuwa kafin shayi ya tafasa, kunnensa zai yi saurin karɓar irin wannan alkawari. Jamus ta karɓe shi a 1941, Libiya ta karɓe shi a hamadar Cadi.

Ban ƙwace wa ɗan yayata kwamfuta ba. Na ce masa mu sake bugawa da sharaɗi uku. Ba tsayar da agogo, ba komawa inda aka adana, kuma shi zai zauna a zaure ba ya ganin allo, ya rubuta umarni a takarda, ƙanwarsa ta kawo mini, ni in danna in ta iso. Yarinyar ta tsaya a hanya ta sha fura, ta kawo takarda ta uku kafin ta biyu. Aka yanke masa rundunonin tanka huɗu a bayan kogi, bai sani ba sai da suka ƙare. Ya shigo yana huci ya ce, "Kawu, wannan ai ba adalci ba ne, ban san abin da ke faruwa ba!" Na ce masa ya zauna, yau ya fara sanin abin da ya sami Gamelin. Sannan na buɗe taswirar na nuna masa inda Chasselay take.